Daga Girku zuwa Wusasa: azumi, addu'a da manyan shawarwari a tarihinmu



A 'yan shekarun nan, idan wani a zumuntarmu ya ce ya ɗauki azumi, galibi akwai tambayar da ta hana shi barci. In auri wance ko in haƙura? In karɓi gurbin karatu a Zariya, ko in tsaya in taya baba noma? Sai kuma wadda ta fi su nauyi, wadda kusan kowane gida daga Ruwan Godiya zuwa Sabuwa ya taɓa yi wa kansa: mu zauna ko mu tashi? Tambayar tana nan tun kafin daren da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, amma daga wannan dare aka daina yin ta a raɗa.

Da yawanmu muna shiga azumi da wani zato a zuciya, ko da ba mu furta shi ba: in na kwana uku ban ci ba, amsa za ta zo sarai, in kuma na bi amsar, hanya za ta yi sumul. Idan abin ya ɓaci daga baya, sai mu ce ko azumin bai karɓu ba, ko kuwa muryar da muka ji ba ta Allah ba ce. Ina so mu auna wannan zato da tarihin yadda bishara ta iso ƙasar Hausa. Tarihin nan jerin manyan shawarwari ne da mutane suka yanke a gaban Allah, kuma mun san abin da ya biyo bayan kowace.

Sai mu fara daga Antakiya, domin can ne duk mai aikin bishara yake duba. Ayyukan Manzanni 13:1-3 ta ba mu sunayen mutum 5 da ke koyarwa a ikilisiyar garin, cikinsu har da Lukiyas mutumin Kurane, wato ƙasar Libiya ta yau. Suna cikin sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu. Abin lura, da suka ji umarnin ba su ce an gama ba. Sun sake yin azumi da addu'a, sa'an nan suka ɗora musu hannu suka sallame su. Kuma jama'a ce ta ji, ba mutum ɗaya a ɗakinsa ba. To me ya biyo bayan wannan tafiya da aka tsarkake da azumi har sau biyu? Markus ya gudu ya bar su a Bamfiliya. A Listira aka jejjefi Bulus da duwatsu, aka ja shi bayan gari ana tsammani ya mutu. Daga baya shi da Barnaba suka yi saɓani mai zafi a kan Markus ɗin nan, har kowa ya kama gabansa. Babu inda Luka ya nuna cewa azumin Antakiya kuskure ne saboda waɗannan abubuwa.

Ikilisiyar farko ta riƙe wannan al'ada. Wani ƙaramin littafi na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, wanda ake kira Didake, ya tsara wa masu bi azumin Laraba da Juma'a. Ya kuma ce wanda za a yi wa baftisma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu, mai yi masa baftismar shi ma ya yi, da duk wanda zai iya taya su. A wurinsu baftisma ce shawara mafi girma a rayuwar mutum, saboda haka ba su bar shi ya ɗauke ta shi kaɗai ba.

A ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans daga Kanada, Thomas Kent daga Amurka, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila da ya yi ƙaura zuwa Kanada. Bingham bai cika shekara 21 ba a ranar, ke nan sa'an da yawanmu ne a zumuntar matasa. Nufinsu su kai bishara ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wato faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, har da tamu. Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Mahaifiyar Gowans ce ta zaunar da Bingham a gidanta a Toronto, ta yi ta ba shi labarin wannan ƙasa har zuciyarsa ta kamu. A Legas, tsofaffin 'yan mishan suka gaya musu ƙiri-ƙiri cewa ba za su ga ƙasar da idonsu ba. Kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Suka keɓe mako guda suna addu'a, suka yanke shawarar rabuwa da duk kayan da ba dole ba, su ci gaba.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas ya riƙa aika musu kaya. Gowans ya kai Girku, kudu da Zariya, a nan ya mutu a watan Nuwamba 1894. Kent ya mutu a Bida wata guda bayansa. Bingham ya koma Kanada a 1895 ba tare da ko mutum ɗaya da ya tuba ba, sai 'yan kayan abokinsa da zai miƙa wa uwarsa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ta karɓe shi: ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a can cikin biyayya ta fi mata zamansa a gida cikin ƙin umarnin Ubangiji. Shi kuwa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai, domin ya tafi da tabbacin Allah zai kiyaye su daga cuta. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi a Legas, aka sa shi a jirgi zuwa gida. Sai a karo na uku, da wata tawaga wadda shi ba ya cikinta, aka kafa tasha a Patigi ta ƙasar Nufe a 1902. Daga wannan aiki ne SIM ta fito, daga SIM kuma aka haifi ECWA a 1954.

A shekarar 1900 ɗin nan dai wata tawaga ta CMS, ta ikilisiyar Angilikan, ta kama hanyar Kano: Bishop Herbert Tugwell, da likita Walter Miller, da wasu uku. Waɗannan sun fi na farko shiri, har wasunsu sun zauna a Tarabulus sun koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. Sun shiga Kano, amma Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, ya ce su fita cikin 'yan kwanaki. Suka dawo ƙasar Zazzau, suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, shi ma ya mutu. Miller kaɗai ne ya daɗe a aikin, ya shiga birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, ya shekara da shekaru masu bi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Duk wannan labarin baƙi ne. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Hausawa 'yan'uwanmu, domin shawarar da suka yanke irin tamu ce, ta tashi daga inda aka saba zuwa wani wuri da mata da yara.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi akwai wani malami mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa ya yi ta bin wuraren da aka ambaci Annabi Isa, har ya ba shi matsayin da malaman gari suka ga ya wuce iyaka. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen ƙarshen shekarun 1860. Almajiransa suka watse, wasu wajen Ningi, wasu cikin ƙauyukan gabashin Zazzau. Ana kiransu Isawa, wasu kuma suna ce musu Bani Isra'ila. Gaskiya ita ce ba Kirista ba ne a lokacin. Suna ɗaukar kansu Musulmi masu girmama Isa da jiran dawowarsa. Labarin da zuriyarsu ta riƙe shi ne malaminsu ya bar musu wasiyya cewa wata rana za a zo musu da cikakken bayani a kan Isa, su jira. Suka jira shekara 40 da ɗoriya. Mu da muke ganin kwana uku sun yi yawa ga amsar addu'a, ya kamata mu tsaya a kan wannan lissafi. Waɗanda suka ji wasiyyar da kunnensu da yawa sun mutu ba su ga cikarta ba, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka gani.

A 1913 wasu daga cikinsu suka iso wurin Miller a Zariya. Aka aika masu bi su kewaya ƙauyukansu suna karanta musu Linjila. Wasu suka ba da gaskiya, da yawa kuma suka tsaya inda suke. Waɗanda suka ba da gaskiya sai ga su da tambaya: su ci gaba da zama a warwatse, gida ɗaya nan gida biyu can, ko su taru wuri ɗaya inda za su yi sujada tare, 'ya'yansu su yi karatu? Suka zaɓi taruwa. Aka samu fili a Gimi, suka bar gonakinsu da danginsu, suka kafa ƙauyen masu bi wanda mutanensa suka haura 100. Wani mai bishara baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Aka gina majami'a da makaranta, ya kuma koya musu matse rake da dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila. Duk wanda ya dubi Gimi a shekarunta na farko zai ce ga amsar addu'a a fili.

Sai ciwon barci ya shigo. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, shi kuwa yana zama a duhuwar bakin rafi, inda dole mata su je ɗiban ruwa, yara su je wanka, manoma su je fadama. Mutum zai fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga baya ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, har barcin ya zarce. Ƙauyen ya yi ta binne mutanensa. Kafin shekara 10 ta cika Gimi ta masu bi ta watse, aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara da matasa, zuwa Zariya. Cutar ba su kaɗai ta ci ba. Ta yi ɓarna a wannan yanki har gwamnatin mulkin mallaka ta tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Anchau daga ƙarshen shekarun 1930, ta sassare duhuwoyin rafuka, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya.

To, mutanen Gimi sun yi kuskuren jin muryar Allah ne? Ni a ganina a'a. Sun nemi wurin da za su bauta masa tare, kuma sun samu. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ke ɓoye a bakin rafinsu, ilimin da ko likitocin lokacin suna kan tattara shi. Addu'a ba ta mai da mutum masanin abin da bai bincika ba. Haka kuma da suka ga ƙasa tana cinye su suka tashi, ban ga inda za a kira wannan rashin bangaskiya ba. Da sun ce ai da addu'a muka zo nan, saboda haka ko za mu ƙare ba za mu motsa ba, da babu wanda zai rage ya ba da labari. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Wannan ya kai mu ga mutum biyu da nake so duk mai tambayar zama ko tashi ya karanta su a jere. Ezra ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa, da ƙananan yara da dukiyar Haikali, ga tafiyar wata 4 daga Babila zuwa Urushalima a hanyar da 'yan kwanto suka cika. Ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, domin ya riga ya gaya masa Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi, suka tafi ba rakiya, suka isa lafiya (Ezra 8). Bayan shekara 13 Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya zauna yana kuka da azumi da addu'a. Sai da wajen wata 4 suka wuce kafin ya buɗe baki a gaban sarki. Da ya buɗe kuwa, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnoni, ya nemi katako, ya kuma tafi da hafsoshi da mahaya dawakai da sarki ya haɗa shi da su (Nehemiya 1 da 2). Sarki ɗaya, hanya kusan ɗaya, dukansu sun yi azumi, ɗaya ya ƙi rakiya, ɗaya ya karɓa, kuma Littafi Mai Tsarki bai zargi ko ɗayansu ba. Saboda haka gidan da ya yi azumi ya koma Funtuwa kada ya rena wanda ya yi azumi ya zauna, wanda ya zauna kuma kada ya kira ɗan'uwansa matsoraci.

Shi Ezra ɗin ma da muke yabon bangaskiyarsa, a duba abin da ya yi kafin azumin da bayansa. Ya kwana uku yana duba jama'a, ya ga babu Lawiyawa, ya aika aka nemo su. Ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa mutane sanannu, da suka isa aka sake aunawa aka rubuta. Nehemiya kuma da dare ya fita ya zaga garun da idonsa kafin ya gaya wa kowa shirinsa, da maƙiya suka taso ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro. Wanda yake azumi a kan aure bai tambayi halin gidan da zai shiga ba, bai je gwajin jini ba, bai saurari iyayensa da dattawan ikilisiya ba, ya ɗauki rabin aikin Ezra ne ya bar rabi. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki.

Akwai kuma haɗarin neman alama ko ta halin ƙaƙa. John Wesley, wanda ikilisiyar Metodis ta fito daga aikinsa, mutum ne mai azumin Laraba da Juma'a. Yana saurayi mai hidima a Savannah ta Amurka ya kamu da son wata yarinya, Sophia Hopkey, ya rasa ko ya aure ta ko ya bari. Ranar 4 ga Maris 1737 shi da abokinsa suka yi azumi da addu'a, ba su kai ga matsaya ba, sai suka rubuta amsoshi a takardu uku suka jefa ƙuri'a. Takardar da ta fito ta ce ya cire maganar daga ransa. Bakinsa ya yarda, zuciyarsa ba ta yarda ba. Bayan kwana 8 yarinyar ta auri wani. A watan Agusta ya hana ta cin Jibin Ubangiji a gaban jama'a, mijinta ya kai shi ƙara, a watan Disamba ya bar garin da dare. Ƙuri'ar ta ba shi amsa cikin minti ɗaya, ta bar kishi da ɓacin ran da azumin ya kamata ya tono. Mu ba mu jefa takarda, amma muna da namu: mafarkin daren ƙarshe na azumi, ko a buɗe Littafi da ka a ɗora yatsa, ko a ce duk wanda ya fara bugo waya shi ne. A Sabon Alkawari, bayan zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni 1, ba a sake ambatar manzanni sun jefa ƙuri'a ba. (Af, shi ma mai sa hoton "rana ta biyu" a WhatsApp, ya sake duba Matiyu 6:16-18. Mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shan magani kullum kuma, su rage abin da jikinsu zai ɗauka, kada su ƙara wa gida jinya.)

Mu koma Zazzau. Yaran Gimi sun girma a makarantar Miller cikin birni. Gwamnati da fada sun daɗe ba su son mishan a cikin ganuwa, wurin kuma ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. Aka kawo shawarar a fita bayan gari, gindin dutsen Wusasa. Miller, wanda ya ba da ƙuruciyarsa don a sami wurin zama a cikin birnin, bai yarda ba sam, yana ganin fita ja da baya ne. Guy Bullen da sauran matasan ma'aikata suka ga a can ne aikin zai sami sarari. Dukansu masu addu'a ne, kuma ba su daidaita ba, kamar dai Bulus da Barnaba. A 1929 aka koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa, wadda take tsaye har yau, ga asibitin St. Luke kusa da ita. A wannan unguwa Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai koyar da bishara.

Miller kuwa ya tattara ya koma Kano, birnin da aka kore su a 1900, ya duƙufa kan fassara tare da sauran 'yan mishan da Hausawa masu taimaka musu. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. A 1937 SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, shekara 43 bayan mutuwar Gowans a Girku, daga baya aikin ya kai Malumfashi da ƙauyukan kudancin Katsina. Bingham ya rasu a Kanada a 1942, Miller kuma ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.